Jan Tabo a Wuyan Dokin Hadiyya

Turai ta ɗiga kalanzir a tsumma, ta sake dirzar wuyan dokin. Tabon ko gezau. Ta gwada bilic, ta gwada lemon tsami da toka, har shanya shi ta yi a rana kamar kuɓewa, amma jan nan yana nan daram.

Ɗan dokin roba ne, fari, mai gashi ruwan hoda, irin waɗanda ake tsinta a dilar gwanjo a da. 'Yarta Hadiyya na rarrafe ta saya mata shi a kasuwar Birnin Kudu. Da shi yarinyar take kwana, da shi take cin tuwo, yana hannunta kuma ƙyanda ta ɗauke ta. An fi shekara ashirin yanzu. Babu hoto, babu ko riga, dokin nan kaɗai ya rage.

Shi ma a ɓoye ya rage. Washegarin sadakar uku, mijinta Malam Hambali, mai makarantar allon unguwar, ya ce a fitar masa da duk wani mutum-mutumi daga gida. Tun daga ranar bai ƙara ambaton sunan yarinyar ba. Mutum ne da in ya yi gyaran murya a zaure har kaji sai sun nutsu. Tsufa ma bai sassauta shi ba: furfura ta zo, ya rine ta, ya ci gaba da ɗaure fuska. Turai ta riƙe shi a zuciya kan maganar nan. Dokin kuwa ta cusa shi a ƙasan kwallar ƙarshe ta jerenta, don ta san ranar da Malam ya gan shi, murhu ne makomarsa.

Duk tsawon shekarun nan dokin fari ne tas. Bara tabo ya fara.

Da fari ta zargi jan ɗankwalin da ta naɗe shi a ciki. Yayarta Mero, mai rinin zannuwa a Gwaram, ta ce mata a waya tsohuwar roba shan launi take yi, duk abin da ya jingina da ita cikin zafi sai ta tsotse shi, kuma in ya shiga ya shiga ke nan. Turai ta canza farin ƙyalle. Tabo ya ƙaru. Ta jefar da ledar da take saka shi ciki, mai jan rubutu, ta kankare tsatsar kwallar, ta hana kanta taɓa shi in ta yi miyar manja. Tabo ya ƙaru. Takaici ya ishe ta, har sai da ta zauna ta yi masa kuka.

Wata safiyar Juma'a ta kai shi hanci. Ƙamshin ganye ta ji, wanda kowace mace ta sani. Lalle!

Ita dai rabonta da ƙunshi tun rasuwar Hadiyya. Mace ɗaya ce ta rage a gidan: Mansura, matar ɗanta Yunusa, wadda ita ma bara aka kawo ta. Ga shi kuma sabon tabo ba ya fitowa sai bayan Alhamis, ranar da Turai ke fita zumunci, makaranta a rufe, gida shiru. Ai lissafi ya fita.

Ta tare ta a bakin murhu, ta rage murya.

"Me kike nema a kwallata?"

"Wallahi Inna ban taɓa buɗe ta ba."

"To lallen wa nake gani a kayana? Na aljanu?"

"Dubi hannuna, Inna. Ni baƙi nake yi, ban taɓa son ja ba."

Turai ba ta duba ba. Ta faɗi abin da ta faɗa, mai zafi da marar daɗi. Kafin la'asar Mansura ta haɗa jakarta ta tafi gidansu Kangire. Yunusa ya koma gaida uwarsa daga bakin ƙofa. Malam ya tambayi abin da ya faru, ta ce maganar mata ce, ya kaɗa sandarsa ya fita.

Abin haushi, tafiyar Mansura ba ta tsayar da komai ba. Jan ya haura daga wuya zuwa goshi. Mero ta ce wataƙila launin da robar ta riga ta sha ne yake yaɗuwa da kansa. Turai ta yarda, don ba ta da wata amsar. Abin da ya fi cin ta yanzu shi ne ranar da za a zauna bikon Mansura. Dole yarinyar ta faɗi dalili a gaban Malam, dole a buɗe kwalla.

Ba ta jira ranar ba. Da Alhamis ta zagayo, ta ɗaure dokin a haɓar zani, ta yafa mayafi, ta hau motar Gwaram. Ta damƙa shi a hannun Mero, ta ce ko ita ce ta dawo tana roƙo kada a ba ta. Zuciyarta kamar ta tsage, amma gara yana can da tabonsa da ya zama toka.

Ta dawo da wuri, rana ba ta yi sanyi ba. Tun daga tsakar gida ta ji ƙarar kwano a ɗakinta. Ranta ya ɓaci. Wato Mansura ta dawo ke nan, kuma ba ta daddara ba? Ta cire takalmi, ta lallaɓa, ta fizge labule.

Kwallayenta duk suna ƙasa, murafe a warwatse. A tsakiyarsu Malam Hambali ne durƙushe, ba rawani, yana lalube a cikin kwallar ƙarshe. Ya ɗago. Ɗanyen lalle ne damƙam a gemunsa, hawaye na bi ta ciki yana ɗiga ja a kan farar rigarsa.

"Turai," ya ce, "ina dokin Hadiyya?"