Tabon Kuncin Baba

Manhajar farko ta share tabon da ke kuncin mahaifinsa, a zatonta ƙarzuwa ce a jikin tsohon fim ɗin baƙi-da-fari. Ta biyu ta bar tabon, har da ƙura. Ya zauna gaban na'urar da ke kwafe fim zuwa kwamfuta, kansa ya ɗaure. Wannan hoton kaɗai ya sani na mutumin da ya bar gida tun yana goye. Shekara arba'in yana ba 'ya'yansa labarin jarumtar da ta haifar da tabon nan.

Ya kira mahaifiyarsa. "Inna, wanne ne Baba? Wannan ta mayar da shi ango, ta cinye masa tabo."

Ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo, sannan ta nuna fuskar da aka share.

"Ga ubanka nan. Ko ƙurji bai taɓa yi ba. Ni na karce fim ɗin da allura ranar da ya tafi, na kai aka wanke."

Ya dubi fuskokin biyu, ya rasa wacce ce ta gaskiya.