Ƙara Masa Kala

"Ƙara masa kala!" Yaya ya sake cewa, yana tsaye a kan ƙanwarsa da hularsa ta matuƙin jirgin sama. "Wannan ai koɗaɗɗen zane ne."

Ranta ya ɓaci. Sau uku ta ɗauki hoton jirgin nan da almuru, mai duhu, mai haske da matsakaici, ta haɗe hotunan a kwamfuta har fiffike da gajimare suka fito yadda ido ya gan su. Shi ne koɗaɗɗe?

"Yaya, na taɓa koya maka tuƙi?"

"Ke dai ƙara."

Ta ƙure kalar gaba ɗaya. Sama ta yi jajawur, gajimaren bayan injin ya koma baƙi ƙirin.

"Yauwa! Tura wa 'yan gida."

Ta tura, ko uffan ba ta rubuta ba.

Ba a jima ba Umma ta kira, mata na salati a bayanta.

"Wutar nan ta cinye jirgin? Yayanki ya fita? Wayarsa ba ta shiga!"

Ta miƙa wa Yaya wayar. "Ungo. Kai ka hura, kai za ka kashe."