Irin Shuka a Cikin Kabari

Saura kwana tara a yi sadakar arba'in ɗin surukina Baba, sai maigidana ya ƙudura zai fasa rumbun irin gero, ya haɗa da bijimin huɗa guda, a yi girkin da ƙauyen nan bai taɓa gani ba. Da la'asar sai ga Kawu Mamuda, ƙanin mahaifiyarsa, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi kafin ya ajiye aiki. Na kai musu ruwa zaure, na koma bayan ƙofa ina tsintar wake, a nan na ji misalin da ya ba shi. Ga shi yadda na riƙe.

Ya ce a Masar ta dā, zamanin Fir'aunoni, manomi ba ya duban sama, don da wuya a ga hadari. Kogin Nilu ne yake cika sau ɗaya a shekara ya malale gonaki, in ya janye ya bar baƙin taɓo. Sai a watsa alkama tun taɓon yana danye, a koro tumaki su tattake ta ta nutse. Wanda ya bari ƙasa ta bushe ta tsage, to, sai baɗi. A addininsu kuma sun ɗauka mamaci yana ci yana sha a kabarinsa. Sukan naɗe gawa da farin ƙyalle, su haye da ita yammacin kogi, su ajiye ta a ɗakin da aka sassaƙa cikin dutse tare da tulunan abinci, su toshe ƙofa. Amma al'adar ta yi wa talaka sauƙi: sai ya sa a gina masa gurasa da kifi na yumɓu, a zana gona a bango, mai kula da bautarsu ya yi karatu a kai. A wurinsu wannan ya ishi mamaci har abada.

To, akwai wani manomi da mahaifinsa ya rasu lokacin da kogi yake cike. Kafin nan da ɗan lokaci an binne wani mai arziki a garin, an jera tulunan alkama har kwale-kwale ya nemi nutsewa, mutane suna ta zancen. Abin ya tsaya wa manomin nan a rai. Ya je wurin wata tsohuwa mai ginin tukwane ya ce ta gina masa manyan tuluna, zai cika su da alkama ta gaske. Tsohuwar ta san abin da ke rumbunsa, ta ce, "Ɗana, mahaifinka ko na yumɓu ya ishe shi. 'Ya'yanka ne ba sa cin yumɓu." Shi kuwa ya ce, "So kike a ce na sallami ubana da laka?" Ta gina masa. Ya juye abincin gida bai cika tulunan ba, sai ya ɗauko irin shuka ya ƙarasa. Ranar binnewa mutane suka tsaya bakin kogi suna nuna shi da baki, suna cewa ga ɗa na halak. Aka toshe kabari. Aka yi kwana uku ana yabonsa, a na huɗu kowa ya koma harkarsa.

Ba a daɗe ba ruwa ya janye. Gonarsa ta fito baƙa wuluk, tana sheƙi, irin taɓon da aka yi shekaru ba a samu ba. Ya bi gida gida neman iri, amma kowa ya auna nasa daidai gonarsa. Ɗan abin da aka tsakuro masa ko kusurwa ɗaya bai rufe ba. Ya haye kogi ya je ya tsaya a ƙofar kabarin. Irinsa na nan ciki, tsakaninsu dutse ne da bai fi kamu biyu ba. Amma a ƙasar babu laifin da ya kai fasa kabari, wanda ya yi, a bakin ransa, kuma shi da kansa ya yarda in ya buɗe ya hana ubansa kwanciya. Ya daɗe a tsaye, ya dafa dutsen, ya juyo. Taɓo ya bushe a kan idonsa, ya tsattsage har ƙafar akuya tana faɗawa. Da girbi ya zo, shi da matarsa suka riƙa bin bayan jakunan waɗanda suka yabe shi, suna kalar zangarniyar da ta zube. Babu wanda ya tuna yawan tulunan. Abin da ake cewa kawai, ga mutumin da ya binne irinsa.

Kawu ya kurɓi ruwa ya ce, "Su ke nan da suka ɗauka mamaci na ci. Kai kuwa ka san mahaifinka addu'a yake jira, kuma damina saura wata guda." Na ƙarasa tsintar waken. Daga baya maigidana ya leƙo ya ce in faɗa wa ƙanensa a mayar da murfin rumbu, a dama kunu, a soya ƙosai, a kira malamai. Kawu ya miƙe yana laluben takalmansa da ƙafa, ya ce, "Ka kyauta. Hausawa dai sun riga sun faɗa: garin neman ƙiba akan samo rama."