Tsuntsaye Marasa Kai

Tun hantsi Dogo direba yake tsugune a bakin famfo, tukunyar jan ƙarfe a tsakanin ƙafafunsa, yana dirza ta da omo kamar wadda suka yi faɗa. Tukunyar ko gezau. Baƙa ƙirin take, ga wani kore-kore ya zagaye mata wuya.

Bakinsa ne ya ja masa. Surukinsa har yau kallon marar asali yake masa, wanda sa'a kawai ta ba shi mata. Shi ne rannan Dogo ya daki ƙirji ya ce su ma 'yan gado ne, akwai tukunyar da wani attajiri ya ba kakansa don ya cece shi daga 'yan fashi. Murfinta ne kawai babu, wai da shi kakan ya tare takobi a wani artabun. Suruki bai yi gardama ba. Cewa ya yi yau da la'asar zai zo ya gani da idonsa.

Ita kuwa tukunya, a ƙarƙashin gadon marigayiya mahaifiyarsa Dogo ya tsince ta, cike da ƙura da matattun kyankyasai.

"Maigida," in ji matarsa daga ƙofar kicin, "da ita ma ka ce takobin ya cinye ta, da mun huta."

Dogo ya ci gaba da dirza. Yana cikin haki sai Iya, tsohuwar maƙwabciyarsu, aminiyar mahaifiyarsa, ta leƙo ta kan katanga. Ta daɗe tana kallon tukunyar, har ta manta ba ta gaishe su ba.

"Ɗan nan, omo ba ya cin jan ƙarfe. Jira ni."

Iya, da ko asibiti sai an lallaɓa ta, sai ga ta nan da nan, lemun tsami a gefen zane, gishiri a wani ɗan faranti mai sheƙi. Ta sa ya raba lemo biyu, ya dangwala a gishirin, ya goga. Ta samu kujera ta zauna tana sa masa ido.

"Bar gindin tukuna. Bi wuyan da kyau, can aikin yake."

Baƙin ya fara zuba kamar ruwan kwata. Ja ya ɓullo, sannan sheƙi. A wuyan sai ga zanen tsuntsaye jere, fukafukai a buɗe, aiki na gani na faɗa. Abu ɗaya dai, ba su da kai. Kowane wuyansa ya hau zuwa bakin tukunyar ya tsaya cak.

Da la'asar suruki ya iso. An ɗora tukunya a kan tebur tana ɗaukar ido. Dogo ya gyara murya ya kwararo labari, 'yan fashin ma sun ƙaru tun daga rannan. Suruki ya sa tabarau, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa.

"To, su waɗannan tsuntsayen, ina kawunansu?"

Dogo ko ƙifta ido bai yi ba. "Ai Baba, da gangan maƙerin ya yi. 'Yan fashin ne, waɗanda kakana ya fille wa kai."

Suruki ya jinjina kai. Karon farko ke nan da ya dubi Dogo kamar mutum, har ya dafa masa kafaɗa. Dogo ya waiga ya kashe wa matarsa ido.

A lokacin ne Iya, wadda ta ce farantinta kawai take jira, ta miƙe. Ta kaɗe sauran gishirin, ta goge farantin da bakin mayafi, ta kifa shi a kan tukunyar. Ƙwas! Ya zauna daram, kowane tsuntsu ya samu kansa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan, ka goge min ita tas," ta ce, tana rungumar kayanta. "Tun kana goye uwarka ta ara, ta ce gobe za ta maido."