Jar Motar Kalanda

"A tayar min da ita, in ji kukanta," in ji tsohon bakaniken.

Tun yana koyon aiki a Kano ya manna hoton jar motar nan a bango. Duk injin da ya gyara, da kukan da yake zaton nata ne yake auna shi. Yau ga ta a garejin wani Bature a Pleasant Garden, inda ’yar tsohon ta turo shi a keken guragu.

Baturen ya ɗaga bonet. Wayam, babu inji.

"Baba, wai don baje koli kawai aka ƙera ta," ’yar ta fassara masa a hankali. "Tura ta ake yi har kan dandamali."

Tsohon ya daɗe yana shafa ƙarfen.

"Ashe ke ma tura ki ake yi," ya ce wa motar.