Soja ko Farar Hula?

"Malam, wallahi ban ƙirƙira ba!"

Phoebe ta durƙusa a gaban Malam Zakariyya'u, mai koya musu ƙididdigar binciken zamantakewa. Ya tura mata takardunta.

"Mutum ɗari a Makera, ki ce duk mulkin soja suke so? A watan da ake ta rawa a titi don farar hula sun dawo? Ko mai tuya ba ta fitar da ƙosai ɗari iri ɗaya. A ɗaki kika zauna kika cike su. Hukuncinki kora ne."

Shekararta ta ƙarshe ce. Mahaifiyarta har ta ɗinka ankon bikin yaye ɗalibai.

"Gida-gida na bi, Malam, yadda ka koya mana. In tsallake huɗu, in shiga na biyar."

"To, gobe ki zo gidana a Mahuta. Ki tambaye ni yadda kika tambaye su. Kada ki canza komai."

Washegari aka buga ƙofa, Malam ya buɗe. Ga Phoebe riƙe da biro. A bayanta wani dogon saja ne cikin kaki, da bulala a kafaɗa, inuwarsa ta rufe ƙofar.

"Yayana ne, Malam. Kullum shi ke raka ni, don kada a yi min rashin kunya." Ta gyara murya. "Mulkin soja ko na farar hula?"

Malam ya dubi takalman, ya dubi bulalar.

"Soja," ya ce. "Rubuta soja, 'yata. Kuma ba mai korar ki."