Fim Ɗin Aljanin Ƙauye

Sai da aka ɗaure farin ƙyallen majigi ta lura ya juya wa kujeru baya. Ɗan ɗakin aljanin ƙauye yake fuskanta, inda ake ajiye masa furanni da jan lemon kwalba.

Tun da can ta ajiye aikin jarida a Bangkok, ta shafe shekaru a bakin kogin Mekong tana ɗaukar fim kan ƙarewar kifi. Duk gidan talabijin da ta kai, sai a ce ya cika tsawo. Kwatsam uwarta ta kira, wai ta kawo shi gida ƙauye, an samu mai kallo.

"Mama, ina mutanen?"

"Waɗanne mutane kuma? Bakance na yi. Na ce masa in ya tsare min shinkafata bana, zan haska masa fim, yadda kowa ke yi."

Idon 'yar ya ciko da ƙwalla. "Duk finafinan duniya, nawa kika zaɓa?"

Tsohuwar ta harari ɗakin, ta yi ƙwafa.

"Da ya tsare duka, da na dambe zan kawo masa. Ambaliya ta cinye rabi. Kunna masa naki, 'yar nan, tun daga farko. Ai ba inda za shi."